Sikon mai kashu da dabino: yadda na yi fama da shi har ya tashi

Sau uku na kwaɓa sikon, wato wani gasasshen abin fulawa na Turawa da ake shan shayi da shi, kafin in samu wanda zan iya sawa a faranti in kai gaban Umma. Biyun farko asara ce ta fulawa da kuɗi da gas, kuma da wata ta zaunar da ni ta yi mini bayanin da bai wuce na minti goma ba, da ban yi wannan asarar ba. Saboda haka duk wadda ta ga hoton abin nan a waya ta ji tana son gwadawa a kicin ɗinta, ga yadda tawa ta kasance tun daga farko.

A Leeds na san sikon, can arewacin Ingila, inda muka yi shekara uku maigidana yana karatu. A can na haifi 'yata ta biyu, Umma ta zo mini jego a tsakiyar sanyi. Abincin ƙasar bai karɓe ta ba ko kaɗan, daga shayi sai ɗan tuwon da nake tuƙa mata. Ran nan da la'asar maƙwabciyarmu, wata tsohuwar Baturiya mai zaman kanta ita kaɗai, ta ƙwanƙwasa ƙofa ɗauke da faranti an rufe shi da tsumma mai tsabta, ta ce barka ta zo yi. Da aka buɗe sai ga wasu dunƙule-dunƙule guda shida, kowanne bai kai dunƙulen hannu ba, samansu ja-ja-ja, ƙugunsu a tsage kamar an ɗan ɗaga musu murfi. Da ɗuminsu. Ta nuna mana cewa ba a yanka shi da wuƙa, ta wajen tsagar nan ake ɓare shi da hannu gida biyu, a shafa bota ko jam. Cikinsa taushi ne mai marmashi, bai kai kek zaƙi da maiƙo ba, ba shi kuma da danƙon burodi, ga zabibi nan jefi-jefi. Umma ta ci ɗaya, ta miƙa hannu ta ɗauki na biyu, ta ce, “Wannan kam abin shan shayi ne.” Daga ranar kusan duk mako sai tsohuwar ta aiko. A wurinta na ji cewa asalin abin daga Sikotilan yake, kuma a zamanin da, mutanen can ba a oben suke gasa shi ba, a kan kaskon ƙarfe suke ɗora faifai guda babba su yanka shi gida huɗu. Ta kuma ba mu labarin gardamar mutanen Debon da na Konwol, a kudu maso yammacin Ingila: na Debon kirim mai kauri suke fara shafawa sannan jam a kai, na Konwol kuwa jam ne a ƙasa. Da za mu dawo ta rubuta mini ma'auninta a 'yar takarda, na sa a cikin jakar fasfo, na manta da ita.

Bayan mun dawo Kano da kusan shekara biyu Umma ta kwanta rashin lafiya a watan Afrilu, lokacin da zafin garin yake wuce digiri 40. An sallamo ta daga asibiti da sauƙi, amma bakinta ya mutu. A dama kunun gyaɗa ta kurɓa sau biyu ta ture, a yi farfesu ta ce ƙamshin ya ishe ta. Wata rana ina zaune gefen gadonta ina yi mata fifita sai ta ce, “Ke 'yar nan, da za a samu abin nan na tsohuwar nan, da na sha shayi da shi.” Wanda ya taɓa jinyar uwa ya san yadda irin wannan maganar take sauka a zuciya. Na zagaya gidajen burodi uku da manyan kantuna biyu ban samu ba, a wani wurin ma ba su gane abin da nake kwatantawa ba. Na dawo gida na zazzage jakar fasfo, sai ga takardar: fulawa mai tashi da kanta giram 225, bota giram 55, sukari giram 25, madara mililita 150, zabibi cikin hannu, wuta digiri 220, minti 12 zuwa 15. Shi ke nan abin da ke jiki. Na ce ai wannan bai kai cincin wahala ba.

A daren na yi gwajin farko. Ba ni da sikeli, sai na kimanta da kofi. Fulawar da ke gida irin wadda muke yin fanke da cincin da ita ce, na tuna ba mai tashi da kanta ba ce, sai na ɗauko gwangwanin bekin fauda da na saya a wani shago na unguwa tun ƙaramar Sallah ta bara, na zuba cokali guda. A madadin bota na sa majarin na roba, wanda zafi ya riga ya mai da shi kamar man shafawa. Na zuba madara, na sa hannu na murza, na dunƙula, na naɗe, na sake murzawa har kwaɓin ya yi sumul yana sheƙi, yadda aka koya mana tun muna 'yan mata cewa kwaɓi mai kyau shi ne wanda ya murzu. Na ɗauko abin murji na shimfiɗa shi ya yi kaurin ɗan yatsa, na kifa kofin gilashi ina murɗawa ina fitar da su. Na kunna oben na zura nan take. Abin da ya fito bayan minti 25 faya-fayai ne masu tauri, fari fat, ko ɗan tashi babu. Na ɓara ɗaya da ƙyar, cikinsa a cushe kamar ɗanyen ɗanwake. Na tsaya a kicin ɗin nan hawaye ya zubo mini, domin na riga na ce wa Umma gobe da safe za ta sha shayi da shi.

Da gari ya waye na ɗauki guda biyu na shiga gidan wata maƙwabciyata, babbar mace ce da ta daɗe tana yin kek ɗin biki da suna, duk layinmu Anti muke ce mata. Ba ta taɓa yin sikon ba, amma ta san fulawa. Ta danna shi da babban yatsa, ta shinshina, ta ce in aika a ɗauko mata bekin faudar. Ta zuba ruwan zafi a kofi ta jefa rabin ƙaramin cokali. Hodar ta nutse ta kwanta shiru. Ta ɗauko tata ta jefa a wani kofin, nan take ya yi fuuu, kumfa ta taso har baki. Ta ce, “Kin gani ko, ƙanwata? Taki ta mutu tun tuni. Damina guda ta wuce a kanta murfi a sake, ta sha danshi ta gama aikinta a cikin gwangwani.” Wannan gwajin bai kai minti guda ba, kuma tun daga ranar ban sake kwaɓa komai ba sai na yi shi. Abin da ke cikin bekin fauda soda ce da wani sinadari mai tsami a bushe. Idan ruwa da zafi suka same su sai su fitar da iska, iskar ce take kumbura kwaɓi. Wani mai haɗa magunguna a Birmingham, Alfred Bird, shi ya haɗa irinta a 1843 saboda matarsa ba ta iya cin burodin yis. Ita kuma fulawa mai tashi da kanta da ke cikin takardar tsohuwa, wadda wani mai gidan burodi a Bristol, Henry Jones, ya yi wa rajista a 1845, ba wani abu ba ne illa fulawa da aka riga aka cakuɗa da irin wannan hodar. Wato ba sai na yi ta yawon nemanta ba: a kowane giram 100 na fulawarmu ta gida in sa ƙaramin cokali guda na bekin fauda mai rai, in tankaɗe su tare.

Sai Anti ta tambaye ni yadda na kwaɓa. Da na kwatanta mata sai ta girgiza kai ta ce nan ne babbar ɓarnar, ko da hodar na da rai da ba zai yi taushi ba. Fulawar alkama idan ta jiƙa aka yi ta murza ta, wani danƙo take yi, shi ne yake sa kwaɓin burodi ya miƙe kamar roba, shi muke nema a fanke da alkaki da taliyar murji. Abin da yake buƙatar marmashi kuwa wannan danƙon ne abokin gabarsa. Na koma gida na yi ta karance-karance da kallon yadda masu abin suke yi, na ga ashe duk abin da hannuna ya saba da shi a kicin, a nan sai an yi akasinsa. Mu an hore mu a kan a murza sosai, a tuƙa sosai, a buga sosai. Sikon yana son a taɓa shi kaɗan, da hannu mai sanyi, a ƙyale shi yana nan da ɗan kaushinsa.

Ranar Asabar na fita sayayya, ta kuma cinye mini yini guda. Fulawa da sukari da sabuwar bekin fauda a Kasuwar Singa na saya, na duba kwanan watan da ke gindin gwangwanin kafin in biya. Na sayi ƙaramin sikelin kicin mai batir da 'yar na'urar auna zafin oben, su biyun ban taɓa nadamar kuɗinsu ba. Bota ta gaskiya, mai nannaɗe a takarda giram 250, sai a babban kanti mai firji, kuma ita ce ta fi komai tsada: kuɗinta ya fi na fulawa da sukari da madarar da na saya a haɗe. Na tafi da 'yar kula da ƙanƙara a ciki don kada ta narke a hanya. Dalilin nacewa a kanta shi ne, bota kusan kashi 80 cikin 100 mai ce, mafi yawan sauran ruwa ne. Idan ƙananan gutsattsarinta suka shiga wuta da sanyinsu, ruwan nan yana zama tururi ya buɗa ƙofofi a cikin kwaɓin, shi ne marmashin da ake ji. Na yi tunanin man shanunmu, amma soyayyen da muke ajiyewa an riga an ƙone ruwansa, ga ƙamshin albasa, bai dace da nan ba. Wadda bota ta fi ƙarfin aljihunta ta nemi majarin mai tauri irin na masu kek, ta daskarar da shi. Zai tashi, sai dai ɗanɗanon ba zai zama ɗaya ba.

Wajen 'ya'yan itace na ɗan sauka daga takardar tsohuwa. Zabibi na samu a wurin masu kayan ƙamshi, amma na san Umma da son dabino, sai na ce zan raba biyu. Mai dabinon ya tambaye ni, “Hajiya, busasshe na Nijar ko mai laushi na Saudiyya?” Na sayi kaɗan-kaɗan daga kowanne. Mai laushin yana da sauƙin yanka amma yana manne wa wuƙa, yana kuma narkewa a cikin kwaɓi. Busasshen sai an jiƙa, amma yana riƙe jikinsa, haƙori ya same shi, kuma shi na fi so daga baya. Turawa sukan sa wani ɗan itace mai ɓawo da suke kira walnot, a nan tsadarsa ba ta da dalili, ga kashu da ake nomawa a ƙasar nan, a Kogi da Oyo da sauransu, ga kuma gyaɗarmu. Na ɗauki kashu ɓarayi-ɓarayi, wanda ya fi cikakke araha, tunda dama daddatsa shi zan yi. Ki tabbatar ba mai gishiri ko yaji ba ne.

Gwaji na biyu washegari na yi shi, bayan azahar, kuma lokacin da na zaɓa shi ya kayar da ni. An ɗauke wuta tun safe, firji ya huce, botar da na sha wahalar kawowa ta yi laushi. Bota tana narkewa ne tsakanin digiri 32 zuwa 35, kicin ɗina kuwa a wannan rana ya wuce haka tun kafin in kunna wuta. Ina murje ta cikin fulawa tana komawa mai a tafin hannuna. Na daure na ci gaba. Zabibi da dabino na watsa su haka nan a bushe, kashu ma ɗanye. Wannan karon sun ɗan tashi, tunda hodar na da rai ban kuma murza ba, amma gefe suka baje maimakon su miƙe sama, mai ya tsatso ya kwanta a tire. Zabibin da ke waje ya ƙone ya yi ɗaci, na ciki ya tsotse ruwan kwaɓin ya bar shi a bushe. Gindinsu baƙi ƙirin, samansu fari. Amfanin wannan ranar ɗaya ne: na sa na'urar auna zafi a ciki, na ga obena na gas sai ya yi minti 20 cur a ƙarshen wuta kafin ya kai digiri 220. Ashe a daren farko cikin oben mai ɗumi-ɗumi na zura su. Na kuma gane cewa wutarsa daga ƙasa take bugowa, tiren da ke kusa da ita dole ya ƙona gindi. Yara suka kankare baƙin suka cinye, Umma dai ban kai mata ba. Da ta tambaya na ce mata, “Umma, ki ƙara mini haƙuri kwana biyu, na kusa.” Ta ce, “Allah ya yi miki albarka, kada ki wahalar da kanki.” Wannan maganar ta fi zafin kicin ɗin damuna.

Na uku na shirya masa tun dare. Da aka kawo wuta na auna bota giram 120 na sa a firiza, na auna fulawa giram 500 a kwanon silba na rufe na sa a firji. Ga wadda ba ta da sikeli, da na gwada da gwangwanin madara ya kama kusan gwangwani 6 a shafe, ba tozo. Kashu giram 80 na daddatsa shi girman ƙwayar masara, na soya shi a busasshen kasko da ƙaramar wuta ina juyawa har ya fara ja yana ƙamshi, na juye a faranti ya huce. Wannan 'yar suyar ita take fito da ɗanɗanonsa, ɗanye a cikin kwaɓi lami yake zama. Dabino giram 60 na cire ƙwallo na duba cikinsa ɗaya bayan ɗaya saboda tsutsa, na yayyanka ƙanana. Na kuma yanke shawarar canza madara da kindirmo. Turawa da yawa suna kwaɓa sikon da tsamammiyar madarar da ta rage bayan an kaɗe mai, wadda kusan ita ce nonon da Fulani suke kawo mana. Tsamin yana sa taushi, idan kuma ya haɗu da bekin soda yana ƙara tashi, kamar dai yadda muke kashe tsamin ƙullin waina da ruwan kanwa. Na sayi kindirmo marar sukari, na sirka shi da ɗan ruwan sanyi ya yi kaurin kunu mai ruwa-ruwa, na auna mililita 300 na ajiye a firji.

Ina idar da sallar asuba na shiga kicin, gari da sauran sanyi. Na fara da zuba ruwan shayi mai zafi a kan zabibi giram 60 da dabinon, na bar su minti 15, na tace, na shanya a tsumma na goge su sosai. Jiƙar tana hana su ƙonewa da tsotse ruwan kwaɓi, gogewar kuma tana hana su jiƙa shi ya caɓe. Na kunna oben a ƙarshen wuta, na matsar da ƙarfen ɗora tire zuwa sama da tsakiya. Na tankaɗe fulawar mai sanyi da ƙaramin cokali 4 na bekin fauda, rabin ƙaramin cokali na bekin soda a madadin cokali na biyar, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, sau biyu, don kada wani ya ci karo da dunƙulen soda mai ɗaci. Sannan na ɗauko botar, ta yi tauri kamar sabulu, na goga ta da manyan ramukan abin goga kuɓewa kai tsaye a cikin fulawar, ina yi ina barbaɗa mata gari don kada ta dunƙule. Wannan dabarar ce ta cece ni a garin zafi, domin ta rage aikin hannu ƙwarai. Na tsoma hannuna a ruwan ƙanƙara na goge, na murje da kan yatsu kawai, ina ɗagawa ina saki, kamar mai murje tsakin dambu. Bai fi minti biyu ba. Na tsaya tun ana ganin ɗigo-ɗigon bota a ciki. Na zuba sukari giram 50, na rage shi ne saboda zaƙin dabino, sai kashu da zabibi da dabino, na juya duk suka sha gari.

Nan ne wurin da ya fi buƙatar a kama kai. Na yi rami a tsakiya na zuba kindirmon, na rage kamar cokali uku, na juya da wuƙar cin abinci maimakon hannu, ina yanka ina juyawa har garin ya fara haɗuwa curi-curi. Akwai ɗan busasshen gari a gindin kwano, na ƙara ragowar kindirmon a kansa. Kwaɓin ya fito da kaushi, yana ɗan manne wa yatsa, ko kaɗan bai yi kama da abin da za a yaba ba, kuma hannuna har ƙaiƙayi yake yi in murza shi ya yi sumul. Ban murza ba. Na juye a kan tebur da na barbaɗa wa fulawa, na tattara shi da tafin hannu, na ninka gida biyu na danna a hankali, na sake ninkawa, sau uku kacal. Ban ɗauko abin murji ba, da hannu na lallaɓa shi har ya yi kaurin santimita 3, wato faɗin yatsu biyu. Zai yi miki kamar ya yi kauri da yawa, ki bar shi haka, wanda aka shimfiɗa siriri ba ya tashi. Abin yanka kuwa gwangwanin madara ne da na cire wa murfi da gindi na wanke, bakinsa ya fi na kofin gilashi kaifi. Ina tsoma shi a fulawa, in danna ƙasa sak, in ɗago sak. Ba a murɗawa. Murɗawar tana liƙe gefen, sai ya tashi a karkace ko ya ƙi tashi, ita ce kuma take hana shi wannan tsagar ta ƙugu. Ragowar na haɗa a hankali na sake fitarwa, na ƙarshen ba su kai na farko kyau ba, haka abin yake. Guda 12 na samu.

Na jera su kusa da juna, tsakaninsu bai fi yatsa guda ba, saboda idan suna maƙwabtaka sama suke miƙewa. Na ninka tire biyu, ɗaya cikin ɗaya, don kare gindinsu daga wutar ƙasa. Na sa su a firji minti 15 kafin oben ya gama zafi. Na kaɗa ƙwai guda na shafa a samansu kawai, ina kula kada ya gangara gefe, domin inda ya gangara yana daskarewa ya riƙe wurin. Da allurar na'ura ta kai 220 na zura na rufe, na jawo kujera 'yar tsuguno na zauna gaban gilashin ina salati. Minti biyar na farko ba abin da ya motsa, gabana ya fara faɗuwa. Wajen minti na bakwai sai na ga gefen na gaba ya tsage, farin ciki ya leƙo, yana ɗagowa a hankali kamar mai miƙa wuya. Sauran suka bi. Ban buɗe ƙofar ba sai da aka yi minti 12, na juya tiren na baya ya dawo gaba, na ƙara minti 3. Da na fito da su na ɗaga ɗaya, ba nauyi, na ƙwanƙwasa gindinsa ya yi ƙara kamar ba komai a ciki. Na jera su a kan raga na rufe da tsumma mai tsabta, kamar yadda tsohuwar take yi, don samansu kada ya bushe.

Ƙarfe bakwai da rabi ina ɗakin Umma da faranti da fulas ɗin shayi. Na ɓare mata ɗaya ta wajen tsagar, tururi ya tashi, na shafa 'yar bota da zuma. Ta ɗauka ta daɗe tana kallonsa, ta gutsura, ta kurɓi shayi. Ba ta ce komai ba sai da ta cinye, sannan ta ce, “Har da dabino kika sa? Na tsohuwar ba shi da dabino.” Na ce eh, Umma. Ta ce in ɓaro mata rabin wani. Rabon da ta ci abu mai nauyin haka ya fi mako biyu.

Daga baya na yi ta gwada wasu hanyoyi saboda 'yan'uwa da suka tambaya, waɗanda ba su da oben. Tukunya da yashi tana yi, irin yadda ake gasa kek, amma sai yashin ya yi zafi sosai kafin a sa, a ɗora tiren a kan gwangwani kada ya taɓa yashin, a kuma zuba garwashi a kan murfi don saman ya yi ja. Yana ɗaukar minti 20 zuwa 25, tashinsa bai kai na oben ba amma taushin yana nan. Na kuma gwada hanyar mutanen Sikotilan ta asali: na lallaɓa kwaɓin ya yi faifai mai kaurin yatsa guda da ɗan ƙari, na yanka gida huɗu, na ɗora a busasshen kasko mai kauri da ƙaramar wuta, kowane gefe kamar minti 7. Wannan ita ta fi sauƙi ga mai risho ko gawayi, kuma ba ta cin gas. Gyaɗa ma ta yi daɗi a madadin kashu, soyayya marar gishiri, a murje ɓawon a daddaka sama-sama. Sai dai a tsince ta da kyau, duk ƙwayar da ta yi baƙi, ta yamutse ko take warin fumfuna a zubar, domin irin wannan fumfunar tana haifar da guba mai cutar da hanta, kuma wuta ba ta kashe ta.

Da zan koma ranar farko, kafin in taɓa fulawa zan gwada bekin faudata a ruwan zafi, in sayi sikeli, in kuma san cewa a watannin zafi ba a yin sikon da rana. Ko da asuba, ko da dare idan akwai wuta. Da hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Janairu, kicin da kansa yake taimakonki, ko firiza ba sai kin nema ba. Kada ki yi da yawa don ajiya, abu ne na ranar da aka gasa shi. Wanda ya kwana ki ɓare shi ki ɗumama a kasko. Idan wutar unguwarku tana zama, kina iya yanka su ɗanye ki daskarar, duk safiya ki ɗauki biyu ko uku ki gasa ba tare da sun saki ba, ki ƙara musu minti 3 ko 4. Mu tamu ba ta zama, don haka rabin ma'aunin nake kwaɓawa, guda shida, duk ranar Juma'a bayan asuba. Umma ta warware alhamdu lillahi, tana cin tuwonta da miyar kuka kamar da, amma na Juma'ar bai tsaya ba. Makon jiya ta aiko jikarta ta ce a gaya mini wannan karon in rage zabibi, in ƙara dabinon Nijar.